Ƙafar kyamara ko dambun nama

Na ciro ƙarfen nan mai ƙafa uku da yake ɗora kyamara a kai, ina cusa robar dambun nama a gurbinsa cikin akwati, sai ga shi ya shigo.

Ɗan farina ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Hoton biki yake ɗauka, daga nan Azare har Dambam. Jibi zai tafi hutu Masar shi kaɗai, ni kuwa zama ya gagare ni. Tun da na koyi karatu a ajin manya, duk labarin ƙasar waje da na gani a waya sai ya tsaya min a rai. Ya loda kyamara biyu da batura da fitila, amma ko ƙullin yaji babu. Yaron da ko tuwon maƙwabta ba ya iya ci.

"Inna, mayar min da shi."

"Kai wannan, ƙarfe za ka ci a can? Hannunka bai isa riƙe kyamara ba?"

Ya yi dariya. "In na riƙe, wa zai ɗauke ni? Hafsatu ta ce kin sa ta duba wayarki kaf ko akwai hotona, ba ta samu ba."

Ƙanwar nan tasa bakinta ba ya riƙe magana. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Da hannuna na fitar da dambun, na mayar da ƙarfen.

Ga robar nan a gabana har yanzu. Hoton nake so, amma ba na so in gan shi a rame. Iyaye mata, in ku ne, wanne za ku bari a gida?