Kwalbar Jinin Mahaifina

Shekarun baya, a shekarata ta ƙarshe a jami'a, aka ba ni bincike kan abin da muke kira tsatsar jiki. Iskar da muke shaƙa takan haifar da wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta, idan suka fi ƙarfin jiki sai su bar alama a jini. A dafa ruwan jinin da wani magani, ya koma ruwan hoda. Iya cizawar launin, iya ɓarnar.

Manoman shinkafa masu feshin maganin ƙwari nake aunawa, amma sai na gwada su da masu lafiya. Wa ya fi mahaifina lafiya a unguwarmu Mabera? Malami ne, daga zaure sai masallaci, ko goro ba ya ci. Abokin karatuna ya ɗibi jininsa, saboda ni 'yar fari ce. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, maganarmu ba ta wuce gaisuwa.

Kwalbarsa ta fi ta kowane manomi cizawa. Na ce zafin Sakkwato ne ya ɓata jinin, muka sake ɗiba. Haka ta sake fitowa. Malamata ta ce, "Awon nan ba ya faɗin sunan cuta, amma a kai shi asibiti."

Tsoro ya kama ni. Ni da nake yi wa manoma lacca, na tsaya bakin zaure na kasa shiga. Sai na nufi unguwar Gidan Dahala wurin yayar mahaifina.

Gwaggo ta ce, "Mi kika gani?" Na fara zuba bayani, ta katse ni. "Ke ɗiyata, bar wanga dogon turanci. Shina da ciwo ko ba shi da?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"To mu tahi a sani."

Da safe ta tasa shi gaba a Keke Napep. Ciwon suga ne, bai kai ga yin illa ba.

Har yau idan na tuna nakan ji daɗi, nakan kuma yi wa kaina dariya: ni na gano, amma Gwaggo ce ta iya faɗa. Mahaifina yana nan da ƙarfinsa, yana karantarwa. Duk baƙon da aka kawo wa shayi sai ya ji ƙorafi: "Ni ba ni shan mai suga. Wagga yarinya ta hana ni." Yana faɗa yana ɗaga murya, don in jiyo daga tsakar gida.