Tukunyar da Ba Ta Tafasa

Wata Alhamis ce a tsakiyar zafin Alƙahira, shekarar da na cika goma ina hutun aji huɗu, Inna ta ɗora tukunyar a kan teburin kicin ɗinmu na unguwar Ainu Shams da hantsi, ta soka wayarta a bango. Ta lantarki ce, fara mai kauri, da murfin gilashi da maɓalli guda a gaba. Matar da Inna take yi wa girki a unguwar Ma'adi ce ta ba ta ita bayan ta sayi sabuwa. A ciki Inna ta jera sujuk, wato niƙaƙƙen naman shanu da ake ɗurawa a hanji, ta sa mahauci ya ƙulla mata su ƙanana kamar yatsan yaro. Ta zuba markaɗaɗɗen tumatir, da baƙar zumar rake, da albasa da tafarnuwa, da ɗan yajin da aka aiko mana daga Zariya. Ta rufe, ta murɗa maɓallin, ta yafa mayafinta. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ke, ki kula da ita."

Gidanmu ɗaki biyu ne a hawa na biyar. Baba ɗalibi ne, kullum yana makaranta ko masallaci da littattafansa, abin da ake ba shi bai isa haya da ci ba. Shi ya sa Inna take fita kwana shida a mako, ta shiga jirgin ƙasa na metro a tsaye, ta wuni a tsaye a kicin ɗin mutane, ta dawo a tsaye. Da yamma ni nake kawo mata ruwan ɗumi a roba ta tsoma ƙafafunta da suka kumbura. Sauran aikin gida nawa ne: shara, wanke-wanke, shanya a saman bene inda maƙwabtanmu suke kiwon tantabaru, da zura kwando da igiya ta baranda idan mai burodi ya zo wucewa. In na gama nakan hau saman in yi 'yar gala-gala da 'ya'yan Misirawa a kan zanen alli. Ko a can ban cika sakewa ba. Ina cikin tsalle sai in tuna ko na kashe famfo, in sauko in duba, in koma, in sake saukowa.

Burin Inna ɗaya ne a lokacin, ta daina zuwa Ma'adi. Tana so ta zauna a gida tana yi wa Hausawan unguwa girkin suna da walima. Wadda take da ta cewa a wannan harka ita ce Hajiya Mariyama, matar wani ɗan kasuwa daga Damagaram, domin duk macen da za ta yi taro sai ta tambaye ta wa za a ba girki. A ranar ake sunan jikarta bayan la'asar. Tuwo da shinkafa an riga an ba wasu, sai ta ce Inna ta kawo abin taɓawa kafin a fito da abinci, ta ga hannunta. Inna ta zaɓi sujuk ɗin nan saboda a gidan aikinta duk taron da aka yi shi yake fara ƙarewa, kuma ba ya son komai sai a zuba a rufe. Uwar ɗakinta ta ƙi ba ta hutun yini, rabin yini kawai ta bari.

To ni a sanina, kula da tukunya aiki ne na hannu. Tun ina shekara bakwai aka koya mini a kan butagaz, wato murhun gas: a buɗe, a juya, a ɗanɗana, in ruwa ya ja a ƙara. Na taɓa barin wake ya kama ina kallon faɗan masu tuƙa tuk-tuk, keke mai ƙafa uku, ta taga, na sha rankwashi, Inna tana cewa, "Mai tukunya a wuta ba ta da ido biyu." Saboda haka na jawo kujera na zauna a gaban wannan. Minti goma, ban ji motsi ba. Babu wuta, babu ƙara, sai ɗan gumi a jikin gilashin. Na buɗe na leƙa, ko alamar tafasa babu. Na juya na rufe. Can sai na ce ko wayar ba ta shiga da kyau ba, na zare na mayar. Sai kuma na ga miyar ta yi kauri a gefe, na ce za ta kama. Na ɗebo ruwan sanyi a kofi na zuba. Da na ɗanɗana na ji gishiri ya ragu, na ƙara gishiri. Da na ji ya yi yawa, na ƙara ruwa.

Haka na yi har aka kira azahar. Yara suka ƙwanƙwasa suna kirana wasa, na ce ina aiki. Sallar ma a gaggauce na yi ta, na sallame na ruga kicin. Ban san cewa irin wannan tukunya da tururin da ta tara take dafa abinci ba, duk buɗewa ɗaya sai ta koma baya. Ni dai ina ganin ban taɓa riƙe amana kamar ranar ba.

Wajen ƙarfe biyu da rabi na ji takun Inna a matakala, tana hawa tana hutawa. Ta shigo ta wuce kicin da mayafinta. Sujuk suna yawo a cikin jan ruwa tsararo mai ɗumi-ɗumi, wasu sun fashe saboda juyi. Ta ciro ɗaya ta raba shi biyu, cikinsa ja. Na jira duka, bai zo ba. Kujerar da na wuni a kai ta ja ta zauna, ta cire takalmanta.

"Sau nawa kika buɗe?"

"Ban ƙirga ba, Inna. Ban tashi daga wurin ba ko sau ɗaya, sai sallah."

Ta dubi tukunyar. Sannan ta ce, "Ma'alish, ba komai. Ɗauko kaskon suya."

Muka tsame su, ta soya a butagaz da wuta mai ƙarfi, waje ya yi baƙi, waɗanda suka fashe suka wargaje. Miyar ba ta gyaru ba, gishiri ya kashe ta. Muka tsittsire masu ɗan kyan gani da tsinken sakace, muka jera a faranti, na ɗauka a ka muka bi lungu zuwa gidan Hajiya Mariyama. Mata cike da falo, ana ta barka. Hajiya ta ɗaga murfin, ta ɗauki ɗaya ta gutsura, ta tauna a hankali. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, maman yara," ta miƙa wa wata farantin ta ce a kai wa yara a baranda. Inna ta yi murmushi, ta zauna har aka yi addu'a. A hanyar dawowa ba ta ce komai ba, sai dai a gindin benenmu ta tsaya ta ɗaga kai ta dubi matakalar kafin ta fara hawa. Ranar Asabar da sassafe ta tafi Ma'adi. Ta ci gaba da tafiya shekara shida.

Ni ban wuce firamare ba, ƙannena suka ƙaru, gida ya buƙace ni. Yanzu ina Giza da mijina, kuma aikin da Inna ta so shi nake yi. Tukwanen nan biyu gare ni. Ɗalibai in za su yi walimar gama karatu sukan bugo su ce, "Anti, a yi mana sujuk ɗin nan naki, ai ba shi da wahala." Gaskiyarsu ne. A zuba, a rufe, a ba shi awa huɗu. Amma ni awa huɗun nan sun fi tuƙin tuwon mutum hamsin gajiyar da ni. Sai na fita daga kicin na ja ƙofa, in kama guga ko tsintar shinkafa, ina jin zuciyata tana can.

Inna ta koma Zariya, tana zaune a wurin ƙanena, ba ta iya doguwar tafiya. Bara muna waya na yi ƙarfin hali na ce ta yafe mini ranar sunan nan, da ba don ni ba da ta huta tun da wuri. Ta yi dariya ta ce ai Hajiya ta riga ta yi wa 'yar ƙanwarta alkawarin girkin tun kafin ranar, ko me muka kai ba za ta ba mu ba. Ta ce, "Kuma ni na ce ki kula, ban ce ki ƙyale ba." Daga nan ta shiga tambayar jikokinta.

Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa mini, ko sauke mini kaya take yi daga nesa. Na zaɓi in yarda da ita, ban sake tambaya ba.