Wifin Ciki da Wifin Baƙi

Yayana bai iya cewa a'a ba. Ba wai ba ya so ba ne, bai iya ba ne kawai, kamar yadda wani bai iya keke ba. Shagonsa na kusa da tasha a Dogon Dutsi, inda yake buga wa mutane takardu a kwamfuta, ya fi kama da zauren mai unguwa: ga benci, ga randa, ga wifi. Duk wanda ya zauna ya ce, "Malam, kod fa?" sai Yaya ya karɓi salularsa ya saka masa da hannunsa, har da sannu da zuwa.

Shekarar da na dawo daga Yamai da ɗan karatuna na rezo, wato haɗa kwamfutoci da juna, wata lakwal, makaranta mai zaman kanta, ta ba shi aikin buga tambayoyin jarrabawarta. Aikin nan shi ke riƙe da shagon, kuma direktan ya gaya masa ƙarara cewa ranar da tambaya ɗaya ta fita, aiki ya ƙare. Wata la'asar na zauna kan benci tsakanin ɗaliban lakwal ɗin da ke kallon ƙwallo, na shiga wifin da salulata, sai ga kwamfutar Yaya a cikinta a buɗe, da tambayoyin da komai.

Na ce, "Yaya, duk wanda ke cikin wifin ga yana iya leƙa ordinatarka. Sai mu raba rezon biyu."

Ya ce, "Mi za ki rabawa? Iska?"

Na jawo rutar, ɗan akwatin nan mai ƙahoni da ke rarraba intanet. Duk na'urar da ta shiga lamba yake ba ta, kuma masu lamba a jeri ɗaya suna ganin juna. Sai na yanke jerin a tsakiya: rabin ƙasa na kwamfutocin shago da na'urar bugawa, rabin sama na masu zaman benci, kowane da sunansa da kod ɗinsa. Na gindaya wa rutar doka cewa 'yan sama su wuce intanet abinsu, amma kada su waiwayi 'yan ƙasa. Ɗaya na sa masa suna "ciki", ɗaya "baƙi". Na gwada na sake gwadawa, na tafi gida ina jin kaina.

Ba a jima ba na leƙa rutar. Ciki ya cika maƙil da salulolin mutane, ɓangaren baƙi kuwa wayam.

"Yaya, mi kenan?"

"To ke ma dai! Liman yaz zo, in ba shi na baƙi? Sai mutumen Dogon Kiriya da ka kawo muna nono. Sai yaran ga, iyayensu abokaina na."

"Ai ƙarhinsu guda! Ba wanda yah hi wani gudu."

"Na sani. Amma ya za a yi in riƙa ci a wanga kwano in miƙa ma mutum wancan?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga da gaske yake. Da shagon zai rufe gobe, da zai rufe shi yana yi wa mutane godiya. Na fitar da kowa daga ciki, na canza kod, na saka wa na'urorin shago da hannuna. Ya ce in faɗa masa. Na ce a'a. Tun da aka haife ni ban taɓa ce masa haka ba. Bai yi faɗa ba, ya dai koma kan bugun takardunsa, kuma hakan ya fi faɗa yi mini ciwo.

Ranar kasuwa sai ga Kawunmu daga Dumega, tsohon malamin lakwal ne da ba ya barin rubutu ya wuce bai karanta ba. Yaya ya saka masa kod. Kawu ya gyara tabarau, ya duba salula.

"Baƙi? Ni na baƙo a shagon ɗana?"

Yaya ba ya ƙarya, na ga zufa ta keto masa. Can sai fuskarsa ta washe kamar an sauke masa buhun gero.

"Wallahi Kawu, ni ma ban san na ciki ba. Yana hannun ɗiyarka, ta hana ni."

Kawu ya juyo ya dube ni, 'yan benci duka suka juyo. Na durƙusa, na sunkuyar da kai, na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba ni iya ba ka." Ya sa salularsa a aljihu, ko ruwa bai sha ba.

An yi jarrabawa lafiya, ba abin da ya fita, aikin kuma yana hannun Yaya har yanzu. Duk mai neman kod ɗin ciki wurina yake turo shi, cikin fara'a, har da rakiya. A Dumega kuwa ba a san ni da karatu ba, an san ni da 'yar da ta hana kawunta wifi. In na je biki, kafin in cire takalmi mata sun fara: "Ga mai kod nan, ku ba ta kwanon baƙi." Ina dariya, amma Kawu har yau gajeruwar amsa yake ba gaisuwata. Shi ko Yaya, in aka tayar da maganar, girgiza kai yake yi, yana cewa bai san inda na gado wannan rowa ba.