Sun Ɓoye Mana Ciwon Da Ya Kashe Mama

Edita, ina gaishe ku da aiki. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuto ta, kuma ba zan kama sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa jinina ne. A shekarun da nake magana a kai, ni tela ce a Narayi, da ɗan shagona a bakin titi. Mijina ya yi aikin masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, ya koma tuƙa keke napep. Ba mu da wani arziki, amma 'ya'yanmu mata biyu ba su taɓa kwana da yunwa ba. Ni ke ba da waƙa a Zumuntar Mata ta cocinmu, kuma kowa ya san ni da baki. In kika kawo mini yadi mai arha kina son ɗinkin manyan mata, a gabanki zan faɗa miki gaskiya. Ban taɓa zaton akwai abin da za a iya ɓoye wa mace irina ba.

Mamarmu ta rasu tun ina da cikin fari. A ƙauye take, can kudancin jiharmu. Yayanmu, wanda shi ne babba kuma shi kaɗai ne namiji, da Goggo, ƙanwar babanmu, su ne suka yi ta kai ta wani babban asibiti a Zariya. Duk lokacin da na ce zan bi su, sai Yaya ya ce mai ciki ba ta yawon asibiti, in zauna in yi addu'a. Da na je ƙauye na same ta ta rame, ta ɗaura zane har wuya, ta ɗora suwaita a kai ana tsakiyar zafi. Aka ce mini ciwon zuciya ne ke sa ta jin sanyi. Na matsa zan rungume ta, ta tare ni da hannu tana dariya, wai kada in danne mata jika. Ranar da ta cika, Goggo da tsofaffin mata ne suka yi mata wanka, ni da ƙanwata aka tsayar da mu a waje. Haka na yi shekaru ina gaya wa duk wanda ya tambaya cewa zuciya ce ta kashe Mama.

'Yata ta fari tana sakandare lokacin da na ji wani ɗan ƙullutu a nonona na hagu, kamar ƙwayar gyaɗa, ba zafi ba komai. Na shafa man kaɗe, na sha magungunan kemis, na ci gaba da taka keken ɗinki. Har akwai wata Lahadi da wata nas ta zo cocinmu ta yi wa mata bayani a kan kansa, ta ce wadda aka taɓa yin ciwon a gidansu kada ta yi wasa ko kaɗan. Ina zaune a layin gaba na ce a raina, to wannan ba da ni ake ba. Lokacin ɗinkin Kirsimeti ya zo, na ce sai bayan biki. Bayan biki ga kuɗin makaranta. Sai da abin ya girma, hammatata ta kumbura, ɗaga almakashi ya fara gagarata, sannan mijina ya ja ni asibiti. Likita ya tambaye ni ko akwai mai irin wannan ciwo a danginmu, na ce masa babu, har da ɗan fushi.

Gwaji ya fito, aka ce kansa ce, kuma ta yi nisa. Aka cire nonon, aka fara mini kemo, wannan ƙarin ruwan da ke zubar da gashi ya bar mutum yana amai kamar hanjinsa zai fito. Wanda bai yi jinyar wannan ciwo ba ba zai gane yadda yake cinye gida ba. Ba ka gama biyan wani gwaji ba, an rubuto wani. Kekunan ɗinkina suka tafi ɗaya bayan ɗaya, na mayar wa mai shago mabuɗinsa. Ɗan filin da muka saya a Gonin Gora da nufin mu huta da haya, shi ma muka sayar a wulaƙance, don mai saye ya san a matse muke. Matan Zumunta sun yi iya ƙoƙarinsu, Ubangiji ya saka musu. A nan ne Yaya ya shigo. Shi ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune a Trikania, kuma ya ɗauki nauyin kemo da yawa ba tare da na roƙe shi ba. Na tsaya a gaban coci da ɗankwali a kan da babu gashi, na ba da shaida cewa Allah ya ba ni wa wanda ya zame mini uba.

Da jikina ya yi rauni sosai, Goggo ta zo daga ƙauye don ta yi jinyata. Wata safiya tana goge mini jiki da ruwan ɗumi, ta ga tabon aikin, sai tawul ya faɗi daga hannunta. Ta fashe da kuka tana cewa gefe ɗaya ne da na uwarku, daidai wurin. Na riƙe hannunta na ce wace uwa, ba zuciya ba ce? Ta yi ta kame-kame, ni kuwa na ƙi sakinta, sai ta faɗi komai. Kansar nono ce ta kashe Mama. Likitan Zariya ya gaya musu ƙarara cewa in tana da 'ya'ya mata a sanar da su, su riƙa zuwa ana duba su. A hanyar komawa gida Yaya ya yanke cewa maganar ta mutu a nan, domin ƙanwarmu ba ta yi aure ba, kuma a wajenmu kafin a ɗauki yarinya sai dangin miji sun bi gida sun bincika irin ciwon da ke cikinsa. Mama da kanta ta yarda, ta rufe ƙirjinta har ta mutu. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, don ban san ko in yi fushi da ita ko in yi mata kuka ba.

Na sa mijina ya kai ni Trikania a kekensa. Na zaci Yaya zai sunkuyar da kai, amma ko gezau. Ya ce abin da ya yi don mutuncin gida ya yi, kuma da bai yi ba da ƙanwata tana nan zaune ba miji. Na ce masa shekara da shekaru yana ganina ina ɗaukar 'ya'ya mata ina saukewa, bai taɓa jan ni gefe ya ce in je a duba ni ba. Ya ce ai ga shi yana biya. A nan na gane abin da kuɗinsa ke saye tun farko. Sannan ya fito da sharaɗi. An kusa auren 'yarsa, kuma ciwona ni kaɗai mutane za su ɗauka tsautsayi ne, amma in aka ji har da Mama za a ce gado ne. In na yi shiru, zai biya kuɗin gasa wurin ciwon da na'ura, wanda likita ya ce dole a yi mini bayan kemo. In na buɗe baki, in nemi wani wan.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi shiru na ɗan lokaci. Ba abin da ya rage mana na sayarwa sai keke napep ɗin da muke ci da shi, kuma ina son in rayu. Sai ranar da ƙanwata ta zo tana dama mini kunu, tana ba ni baki, take cewa mu gode wa Allah tunda abin ba a jininmu yake ba, gare ni ya tsaya. Na kalle ta, maganar da na faɗa wa kaina a layin gaba na coci ce take maimaitawa. Na ce ta ajiye ludayin ta zauna. Na gaya mata duka, na ce kada sati ya ƙare ba ta ga likita ba. Ta je, aka sami wani ɗan abu da ita kanta ba ta taɓa ji ba, aka cire shi da wuri. Ita ce ta kira 'yar Yaya ta sanar da ita. Daga ranar Yaya ya daina ɗaukar wayata. An yi bikin, ba a aiko mini da anko ba. Dangin ango sun ji labarin, ba wanda ya fasa komai, aka ci shinkafa aka yi rawa aka watse.

Gashin nan ya ɗauke mu watanni kafin mu haɗa kuɗinsa, da bashi da taimakon coci. Kafin nan ciwon ya taɓa ƙashin bayana. Likita ya ce yanzu sai dai a riƙa lallaɓa shi. Har yau ban iya yafe wa Yaya ba, ina dai roƙon Ubangiji ya ba ni ikon yi kafin lokacina ya yi.

Abin da nake so in ce wa 'yan'uwana mata, ko da ba a taɓa yin ciwon a gidanku ba, in kin ji ƙullutu ki je asibiti a satin, kada ki jira biki ya wuce. Ki tambayi manya ainihin abin da ya kashe uwarki da kakarki, ki nace har a faɗa miki. Wanda ke da halin shiga inshorar lafiya ya shiga tun yana da ƙarfi. Ku kuma iyaye da yayye masu rufe ciwo don a sami miji, ku sani ran 'yar kuke jinginarwa. Ni na zaunar da 'ya'yana biyu na faɗa musu sunan ciwon da bakina. Yaya yana nan yana gaya wa dangi cewa na tona asirin gida. Ƙanwata kuwa ta warke sarai, ita ce ke riƙe ni in zan hau matakalar asibiti.