Ba Ka Tafi da Fuskokin Mutane Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, sha huɗu ga watan da ya gabata, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda duk layinmu ke kira Mai Hoto, bayan gajeruwar jinya. Ni ce autar gidanmu, tela ce ni, bango ɗaya ne ya raba keken ɗinkina da shagonsa na ɗaukar hoto. An ce in rubuta wani abu a kanka, Yaya. Na zauna da niyyar kuka, sai na tarar yawancin abin da nake tunawa dariya yake ba ni, kuma na san da an tambaye ka, ita za ka zaɓa.

Duk wanda ya san ka ya san Gimbiya. Sunan da ka raɗa wa kwamfutarka ke nan, siririya mai ruwan azurfa, ƙirar wani babban kamfani da ba ya sayar da kayan arha. Tana da ƙyallenta na gogewa, ni na kalmashe masa baki. Ba a shan shayi kusa da ita, ba a nuna ta da yatsa mai maiƙo. Matarka ta taɓa cewa da kana kula da gwiwarka yadda kake kula da Gimbiya, da ba ka san ƙofar asibiti ba. Idan wani ya shigo da kwamfutar da ba irinta ba, sai ka dube ta da tausayi ka ce, “Allah Ya ba ta lafiya.” Har tambarin kamfanin ka manna a bayan babur ɗinka, kamar suna biyan ka albashi.

A cikinta ka tara hotunan mutanen layinmu da kewaye na shekaru masu yawa, har da tsofaffin da ka ɗauka da fim, waɗanda ka bi ɗaya bayan ɗaya ka mayar cikinta. Ba ka share hoton kowa, ko wanda ya rufe ido, ko wanda ya ce bai yi kyau ba. Cewa kake amana ce, wata rana mai shi ko ’ya’yansa za su zo nema.

Rasuwar abokinka Dogo ce ta sauya komai. Shi ma mai hoto ne, kwamfutarsa irin taka ce, kuma ya tafi ba zato. Da yatsansa take buɗewa, hotunan kuma suna can a ma’ajiyar kamfanin, bayan kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani. Iyalinsa suka yi ta kai da komo, ba su dace ba. Kana gidan Dogo sai wata tsohuwa ta zo neman hoton ɗanta, direba ne da ya rasu a hanya, kuma Dogo kaɗai ta san ya taɓa ɗaukar sa. Haka ta juya hannu wofi. Ka ce mata za ka duba naka ko Allah zai sa a dace, ka kuwa duba, amma ba ka san fuskar mamacin ba, ita ma ba ta da abin da za ta nuna maka. Ranar ka zo ka zauna a bencin shagona, ka ce, “Auta, Dogo ya tafi da fuskokin mutane. Ni ba zan tafi da su ba.”

Daga nan ka shiga tambaya da karance-karance, har ka gano tsarin nan da ake kira Linux, wanda ba mallakar kowane kamfani ba ne. Mutane ne daga ko’ina suka haɗu suka gina shi, suka bar shi kyauta, kowa na iya leƙa cikinsa ya ga yadda yake aiki. Kafin ka taɓa Gimbiya, sai da ka sauko da duk hotunan daga ma’ajiyar kamfani, ka mayar da su irin waɗanda kowace kwamfuta za ta iya buɗewa, ka kwafe su a faifai biyu. Ɗaya ka kai gida, ɗayan ka sa a durowata tsakanin zare da almakashi, ka kafa mini dokar kada in ɗora dutsen guga a kansa.

Ranar da za a goge tsohon tsarin a sa sabon, da sabuwar riga ka zo aiki. Ka kira ni in zama shaida. Da aka zo inda kwamfutar ta tambaya ko ka tabbata, sai ka janye hannunka. Ka kau da kai ka ce, “Ke danna, ni ba zan iya haɗa ido da ita ba.” Na danna. Muka zauna kamar masu jiran likita ya fito. Da allon ya sake haskawa, ka miƙe tsaye kana hamdala, ka ce Gimbiya ta sauko daga karaga ta ɗaura zani, yanzu aiki za ta yi.

Kana cikin gwada abubuwa ka danna wani wuri don ka ga ko ’yar kyamarar jikinta na aiki, ba ka san ɗauka za ta yi ba. Ta kuwa kama mu, bakinka a buɗe kana ƙyaƙyata dariya, hula ta karkace, ni a gefe da tef ɗin awo a wuya. Kai da idan za a ɗauke ka kake ƙamewa kamar an kira ka kotu. Ka ce a share. Na ce, “Yaya, kai da ba ka share hoton kowa?” Ka harare ni, ka bar shi.

Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. Injin buga hoto ya yi yaji, ya ƙi sanin Gimbiya sam. Ka yi kwanaki kana rubuta umarni a baƙin allo da yatsa biyu, kana bisimilla kafin kowane dannawa, ni kuwa ina leƙowa ina tambayar ko a dawo da tsohuwar sarauta. Da abin ya ishe ka, ka rubuta damuwarka a dandalin masu amfani da tsarin a intanet. Wani bawan Allah da ba ka san ƙasarsa ba ya amsa maka dalla-dalla, injin ya tashi. Abin ya tsaya maka a rai. Ka yi ta tambayar sa adireshi don ka aika masa da tukwici, shi kuwa ya ce ka taimaki na bayanka, ya wadatar. Ka ɗauki maganar nan da gaske. Ka zama mai amsa tambayoyin sababbin shiga, kana kiran su mutanena, ka ɓamɓare tambarin nan daga babur, ka riƙa yawo da filashi mai ɗauke da tsarin a aljihu. Mai kemis, malamar makarantar da ke bayanmu, mai gyaran agogo, duk ka farfaɗo musu da tsofaffin kwamfutocin da suka fid da rai da su. Wadda a da kake yi wa addu’ar samun lafiya, yanzu kai ne likitanta.

Ni kuwa ban tsira ba. Duk yammar da aiki ya lafa, sai ka buga bango, alamar in zo darasi. Ka ba ni kalmar sirri, ka ba matarka, ka ce makullin da mutum ɗaya ya riƙe ba shi da maraba da na Dogo. Na ce me ya sa ni, ga ’ya’yanka masu karatu? Ka ce su sun san kwamfuta, ni na san mutane. Gaskiyarka ne, domin ba da kwanan wata kake jera hotuna ba. Sunayen da kake ba su irin su “bikin ’yar makanike, ranar da ruwa ya kore mu” ne, ko “mai burodi da tagwayensa kafin ya yi tumbi”. Rabin kayan da ke jikin mutanen nan kuma ni na ɗinka.

Bayan an yi maka sutura, cikin masu zuwa gaisuwa har da tsohuwar nan. Ta ce ba ta manta alkawarin da ka yi mata ba, ko da ba a dace ba, ta gode. Muna cikin magana ta dube ni ta ce ai ni na taɓa ɗinka wa ɗan nata riga, koriya mai farin aiki a wuya, ya sa ta a wani biki da ruwan sama ya watsa. Na tuna rigar, na tuna yadda ya tsaya a kaina sai na ƙara mata aljihu.

Washegari na buɗe shagonka, na zare ƙyallen, na kunna Gimbiya. Ba ta nemi yatsanka ba, Yaya. Na shiga bikin ’yar makanike, na bi hotunan a hankali, sai ga shi a layin baya, a cikin waɗanda suka fake a ƙarƙashin rumfa, koriyar rigar ta jiƙe, yana dariya. Na faɗaɗa fuskar yadda ka koya mini, injin nan mai yaji ya buga ba gardama. Da na miƙa wa tsohuwar, ta riƙe shi da hannu biyu ta kira sunansa, sannan ta ɗaga kai ta yi maka addu’ar da ban taɓa jin mai tsawonta ba. Muka yi kuka, muka yi dariya, duk a zama ɗaya.

Shagon yana buɗe, kuma duk mai hoto a wurinka ya zo ya karɓa. Wanda ya shigo zai ga hoto guda a bango, na wani dattijo da karkatacciyar hula da baki buɗe. Ka yi haƙuri, shi muka zaɓa.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa amanar da ka riƙe ta zame maka nauyi a mizani. Ya jiƙan Dogo da ɗan tsohuwar nan tare da kai. Ina miƙa ta’aziyyata ga matarka da ’ya’yanka da jikokinka, da ’yan’uwa, da mutanen layinmu, da mutanenka na dandali waɗanda har yanzu suke tambayar ina ka shiga. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu ma idan tamu ta zo mu bar ƙofa a buɗe yadda ka bari. Amin.