A Kan Ƙashin Ƙugu

Wata safiyar Laraba cikin bazara, shekarar da nake aji biyar a firamaren ƙauyenmu da ke gefen Turba, na durƙushe a tsakiyar yashin gulbi ina kakarin amai, alhali babu komai a cikina sai kunun jiya. Jarkar ruwa tana cikin jakar goyon da ke bayana, igiyoyin sun nutse mini cikin kafaɗu, bel ɗinta kuwa ya shaƙe cikina har numfashi da ƙyar yake fita. 'Yan matan da muka zo tare sun yi gaba da tulunansu a ka. Ɗaya ta waiwayo ta ce, "Ku duba, soja ya hwaɗi!" Suka bushe da dariya. Ko numfashin zagi ba ni da shi.

Fari ne ya kai ni ga wannan hali. Damina ta yi ta zuwa tana yaudararmu, gero ya fito ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye, rumbunan gidanmu suka koma wurin kwanan kaji. Rijiyar unguwa ta ƙafe, guga ba ya fito da komai sai laka. Sai a tafi gulbi, a tona rami cikin yashi, a zauna jiran ruwa ya tsatso, a riƙa kwasa da ƙoƙo, ga makiyaya da shanunsu masu haƙarƙari a waje su ma suna jiran rabonsu. Ni ce babbar mace cikin 'ya'yan gidanmu, don haka randa tawa ce. Ba ta cika sai na yi sawu biyu, kuma kafin in dawo daga na biyun an daɗe da kaɗa ƙararrawa. Bulalar makara ba ta dame ni ba, na saba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar Baba. Ya ce shi ba ya gaba da boko, amma ba a shan karatu. "In randa ba ta cika kahin ki tahi, to ki aje allon nan ki zamna gida."

Cikin haka yayana Sahabi ya dawo daga ci-rani a Maraɗi, ba kuɗi ba hatsi, sai wata tsohuwar jakar goyo da ya tsinto a gwanjo, koriya, mai bel mai faɗi da soso a gefe da gefe. Gida duk aka yi masa dariya. Ni kuwa ina ganinta na ga jarka a ciki. Ɗaya a baya, ƙarama a ka, sawu ɗaya ke nan. Na roƙe shi ya ba ni, kafin ma ya amsa na ɗauke.

Matsalar ta fito daga Gwaggo Hajo, yayar Baba, wadda ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta, kuma babu abin da ke wucewa ta tsakar gida ba ta sa masa baki ba. Da ta ga na ɗaura bel ɗin ƙasa-ƙasa sai ta tafa hannu ta yi salati. "Ke Kulu, ɗan kokawa kika koma? Ɗiya mace ta ɗaure ƙugu ta ratsa gari kowa na kallon ƙirarta? Ja shi bisa!" Da hannunta ta jawo shi sama da cibiyata ta tamke. A ganinta ma taimako ta yi mini, domin a shekarun nan mata da yawa kan ɗaure ciki da ɗankwali don yunwa ta yi shiru. Ta ce ga sutura ga maganin yunwa, me kuma nake nema?

Haka na yi ta fama kwana da kwanaki. Ciki nama ne, ba ya riƙe kaya. Nauyin duk ya koma kafaɗu, suka saɓule, rigar makaranta tana manne wa ciwon, in zo cirewa in ciji leɓe. Ga shi ban daina makara ba, saboda tafiya kaɗan sai in tsaya in huta. Baba ya fara duban randa yana dubana.

A durƙushen nan cikin yashi haushi ya ishe ni. Na tuna tun ina ƙarama nake saɓa ƙannena a ƙugu, in yi shara da su, in je aike da su, ban taɓa jin numfashina ya ɗauke ba, domin a kan ƙashi suke zama. Na kwance bel ɗin, na laluba ƙashin nan biyu da suka fito a gefen ƙuguna, ba wuyar samu tunda yunwa ta fito da su sarai. Na saukar da bel ɗin har soson ya rufe kansu, maɓallin ya zauna ƙasan cibiya kaɗan, na ja har ya kama ba tare da ya hana ni shaƙar iska ba. Sannan na sassauta igiyoyin kafaɗa har yatsuna suka iya shiga ƙarƙashinsu. Da na miƙe sai na ji kamar wani ya tallafe jarkar daga baya. Nauyin ya bi ƙafafuna ya sauka ƙasa. Na aza ƙaramar a kan gammo, na bi sawun 'yan matan nan, na wuce su wajen gawon bakin gari ko kallonsu ban yi ba.

Gwaggo na bakin zaure tana tsince tafasa. Ta ɗaga kai ta ga inda bel yake. "Mi na ce maki?" Na ce, "Na jiya, Gwaggo. Amma nan za ni ɗaure shi yau, nan za ni ɗaure shi gobe. Wanda ya ga ƙuguna ya hana mashi barci, ya zo ya ɗauki jarkar." Ta kira Baba da ƙarfi ya zo ya ji rashin kunya. Ya fito, ya bi ni har gindin randa, ya tsaya ina juye ruwa har ya kawo baki. Ya dubi inuwar katanga, ko rabin tsakar gida ba ta janye ba. Ya ce, "Yi sauri, kar a rufe maki ƙofar makaranta." Gwaggo ta yi ta sababi har na fice, ina jiyo ta daga bayan danga.

Da wannan jakar na gama firamare, da ita na ɗauki kayana zuwa sakandare a Isa. Gwaggo har ta koma ga Allah ba ta yarda na yi daidai ba, amma ruwan kam ta sha, ta yi alwala da shi.

Yanzu akwai famfon burtsatse a unguwarmu, yara ba su san hanyar ramukan gulbi ba, kuma ba na yi musu fatan su sani. Sai dai in na ga 'yan makaranta sun sunkuya da jaka, bel na reto a bayansu kamar wutsiya, ba na iya haƙuri. Nakan tsayar da yarinya a kan hanya, in laluba mata ƙashin, in ɗaure, in ce ta tafi. Wasu su yi godiya, wasu su ɗauka taɓaɓɓiya ce ni. Wani lokaci ina cikin ja sai in ji kamar muryar Gwaggo za ta taso daga bakin zaure, har in ɗan dakata. Da za ta taso ɗin, da na ji daɗi, kuma da nan dai zan ɗaure shi.