Kofi Na Goma Sha Biyu

Shekara talatin da ɗaya Ozella Tibbs ta yi tana goge ƙura a gidan Shugaba, ko cokali bai taɓa suɓuce mata ba. A wannan yanki na Virginia idan aka ce Shugaba ba a tambayar wanne. Mutum ɗaya ne, wanda aka yi gwagwarmayar kafa ƙasa da shi, ya yi mulkinsa ya dawo gidansa na kan tudu ya mutu, daga baya aka mai da gidan wurin kallo. Baƙi kan zo mota-mota, su leƙa gadonsa da tabaransa, su yi tsit kamar an shiga coci. Ita kuwa Ozella tun ƙarfe shida na safe ta shigo ta ƙofar baya, wadda kakanninta suka yi ta bi zamanin bauta, da tsummanta a hannu da makullin kabad ɗin tangaran a wuya.

Gara a faɗa tun yanzu, ba mace ce mai sauƙin kai ba. Doguwa ce siririya, ba ta iya tauna magana ba. Mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, da wannan tsumman ta raine su, ba ta taɓa kai kukanta ƙofar kowa ba. A coci ita ce mai juyowa ta harari wanda ya ɓata baitin waƙa, ko da fasto ne. Amma idan aka yi rasuwa a unguwa ita ce farkon zuwa da burodin masara da tukunyar wake, kuma kafin ta zauna sai ta tambaya, da wane kofi mamacin ya sha ruwansa na ƙarshe? Haka mutanenta suka gada. Kofin ƙarshe fasa shi ake yi a kan kabari, a bar shi nan, ba mai ɗauka, don kada mamaci ya waiwayo neman kayansa. Yaran zamani sun fara jin kunyar abin. Ozella ko a jikinta.

A kabad ɗin da take riƙe da makullinsa akwai kofunan shayin Shugaba, farare masu bakin zinariya da zanen zangarniyar alkama shuɗiya. Ƙananan farantansu goma sha biyu ne cif, kofuna kuwa goma sha ɗaya. Masu zagayawa da baƙi suna da labarinsu, wai Shugaba ya yi kyautar ɗayan ga wani janar baƙo da ya kawo masa ziyara. Sau shida a rana Ozella take jin wannan labari, ta taɓe baki ta ci gaba da goge-gogenta.

Ta san inda kofin yake. Kakar kakarta, Minta, ita ta yi jinyar Shugaba wata bakwai a ciwonsa na ajali, ta juya shi, ta wanke shi, ta ba shi shayi a baki. Kullum ya ji sauƙi sai ya ce mata gobe zai sa hannu a takardar 'yancinta. Mutumin da hannunsa bai taɓa gajiya da rubutu a kan 'yanci ba, wannan takarda guda ce ta yi masa nauyi har ya cika. Ranar da aka binne shi Minta ta soke kofin a cikin rigarta ta sauka da shi bukka. Shekara goma sha tara tana shan ruwa da shi a ɓoye, tana ce wa 'ya'yanta ga takardarta nan. Da ta mutu aka fasa mata shi a kurmin da ke ƙasan tudu, inda ake binne bayi. Tun daga nan uwa ke raɗa wa 'ya, tare da kashedin kada a faɗa wa farar fata, don sata za su kira shi.

A shekarar 1975 ƙasa ta ɗauki haramar bikin cika shekara ɗari biyu da kafuwarta, gidan Shugaba ya ga baƙi za su yi masa yawa, ana bukatar sabon wurin ajiye motoci. Wata safiya Ozella na hawowa ta ga an kakkafa turaku masu jan ƙyalle a kurmin. A gefe ga katafila, ga Roscoe ɗan kawunta zaune a kai yana karyawa.

"Roscoe, me ka zo yi nan da wannan dodon?"

"Aiki aka ba ni, Yaya Ozella. Litinin za a share. Mota ɗari uku aka ce."

"A kan kakarka?"

"Haba Yaya, ni ina na sani? Sun ce juji ne. Fasassun kwanuka ne kawai da ciyawa."

"Juji. Kai da aka goyo ka aka zo da kai nan sharar kabari, kana tsotsar yatsa? Katon banza. Ka taɓa ƙasar nan ka gani, ko uwarka ba za ta gane ka ba."

Roscoe ya nannaɗe sauran abincinsa. Ya ce shi dai yana da iyali, ta je ta yi magana da masu takarda, idan sun ce tsaya ya tsaya.

Mai takarda shi ne Mista Ashby, shugaban gidan kallon, wanda ta girme shi da shekara ashirin, masanin tangaran da har littafi ya rubuta a kai. Ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Sunanta yake kira gatsau, Ozella, kamar yadda duk fararen gidan ke yi, ita kuma dole ta ce Mista.

"Ozella, na duba," in ji shi, cikin tattausar murya. "Shugaba ba ya barin komai bai rubuta ba. Kowace bishiya, kowace rijiya, har ranar da waken lambu ya yi fure. Babu maƙabarta a wurin nan."

"Waken ya rubuta, Mista Ashby. Mu ba wake ba ne."

"Babu dutse ko guda mai suna."

"Wa ya bar su suka koyi rubutu? Ka sauko ka gani mana. Tafiyar minti goma ce."

Ya dubi agogo. Ya ce ranar Asabar kwamitin gidan zai zauna, ayyuka sun yi masa yawa, amma ya ji damuwarta. Ta fito ranta a ɓace. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta san maganin abin, gutsure ɗaya na kofin idan ta ɗora masa a tebur ya gama gardama. Sai dai ba a ɗaukar kayan kabari. Ta gwammace a kore ta da ta miƙa hannu ta raba Minta da takardarta.

Ranar Asabar 'yan kwamiti suka hallara su tara, maza da huluna mata da safar hannu, aka shigo da su ɗakin tangaran su sha kallo kafin zama. Mista Ashby ya fara labarin janar baƙo. Bai kai tsakiya ba Ozella ta ratsa su, ta ciro makulli daga wuya ta buɗe kabad, ta ɗauki farantin nan da ba shi da kofi. Ta ɗora shi a tafin hannu ɗaya ta nufi ƙofa, ƙofar gaba, wadda ba ta taɓa bi ba.

"Ozella, me kike yi? Ajiye wannan."

"Zan kai shi ya gai da ɗan'uwansa."

Ba wanda ya yi gigin kama ta, don idan aka girgiza hannun nan shi ke nan. Sai suka bi ta. Ta sauka tudu tana tafiyarta ta ƙasaita, mutum goma na biye suna lallashi, takalman matan na nutsewa a laka, Mista Ashby ya tara hannu biyu ƙarƙashin nata yana tafe a karkace. Minti goman da ya rasa rannan, ga shi ya samu.

A kurmin ta tsaya. Ƙasa ta lulluɓe da wata ciyawa mai yaɗo mai shuɗin fure, wadda tsofaffi kan shuka a kan kabari don ta hana haki fitowa. Ta nuna musu da ƙafa inda ƙasar ta lotsa, layi-layi, tsawon mutum, kowanne kai a yamma ƙafa a gabas. Ta durƙusa a na bakwai ta ɗaga ganye. Ga gindin kofi ya nutse rabi a ƙasa, ga gutsattsarin bakinsa. Ta tofa yawu a tsummanta ta goge guda a inda yake kwance, zinariya ta fito, ga zangarniyar alkama. Ta ajiye farantin a gefensa.

Mista Ashby ya zube a laka da wandonsa mai tsada. Ya ƙura wa gutsattsarin ido. Da ya buɗe baki sai masanin ya riga mutumin fitowa.

"Ana iya haɗa shi," ya ce. "Za a like shi, ya koma kabad, su cika goma sha biyu."

Ya miƙa hannu. Ozella ta buge hannun, irin bugun da ake yi wa mai saka yatsa a miya.

"Farantinku ne, ku ɗauka. Kofi na Minta ne. Wata bakwai ta yi tana kwashe kashin Shugabanku, ya yi mata alkawarin takarda bai cika ba. Idan sata ce, ku kira ɗan sanda ya zo ya tashe ta. Ni kuma sunana Misis Tibbs."

Wata tsohuwa cikin kwamitin ta tambaya a hankali, su nawa ne a nan. Ozella ta ce arba'in da uku ta sani, ta fara jero sunaye, ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe, su kuma ba wanda ya motsa.

Litinin Roscoe ya zo ya juya katafilarsa, aka kai wurin motoci can bayan rumbunan taba. A makon ne kuma aka karɓe makullin daga wuyan Ozella, don ba a barin ma'aikacin da ya fita da kayan gida, ko ina ya kai su. An yi abin cikin ladabi. Har kyautar sallama aka ba ta, wani kofi mai kauri daga shagon baƙi, da fuskar Shugaba a jiki. Ta ji zafin korar, ta yi kwana uku ba ta fita ba. Amma kofin ba ta yar ba. Da shi ta riƙa shan shayinta kowace safiya har shekara ashirin da takwas, mutane na mamaki.

Da ciwo ya kwantar da ita tana da shekara casa'in da ɗaya, jikarta Vernell ta kawo mata ruwa a wani kofin gilashi mai kyau. Ta kau da kai.

"Kawo mini na mutumin."

"Kaka, wannan tsohon abin? Bakinsa duk ya gutsure."

"Shi nake so. Kuma saurara, 'yar nan. Kusa da Minta za ku sa ni, na riga na gaya wa Ashby, bai isa ya hana ba. Kada ki ɗan ƙwanƙwasa shi kamar mai fasa ƙwai. Ki ɗaga hannu sosai. Shekara talatin da ɗaya ina hana kayan mutumin nan fashewa."

Ta sha ta miƙa mata. Ranar jana'iza Vernell ta ɗaga hannu yadda aka ce mata, har baƙin da ke layi a kan tudu suka jiyo ƙarar.